Tarbiyya ko cusa aƙida: yaushe yaro ke da ta cewa a kan addininsa?

Baban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Maganar da zan kawo mai zafi ce, don haka ina roƙon a yi ta cikin mutunci. Ni malamin sakandare ne. Wani ɗalibinmu ɗan aji biyar, yaro mai sallah mai natsuwa, ya tambayi malamin addini a cikin aji: "Malam, da a Inugu aka haife ni a gidan Kirista, ai da yanzu coci nake zuwa, ina kuma ganin ni ne a kan gaskiya. Ta yaya zan san ba gado kawai nake bi ba?" Amsar da ya samu bulala ce, aka kuma ce ya sake kalmar shahada. Da zancen ya iso ɗakin malamai, mafi yawa suka ce an yi daidai.

Ni ban ga daidai a nan ba. Ina kai 'ya'yana Islamiyya, ina tashin su sallar asuba, ba kuma zan daina ba. Amma ina so mu faɗa wa juna gaskiya. Ina tarbiyya ta tsaya, daga ina ta koma cusa aƙida da ƙarfin tsiya? In kuma yaro ya girma ya ce ya duba ya zaɓi wata hanya, me ya rage a hannun uba?

Abu Hafsa:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiƙ, ina ganin girmanka, amma ta irin wannan ƙofar 'yan boko aƙida ke shigowa. Yau a ce a bar yaro ya yi tambaya, gobe a ce a bar shi ya zaɓa, jibi ka ga ɗanka a Facebook yana zagin abin da aka haife shi a kai. Allah ya ce mu kare kanmu da iyalanmu daga wuta, ayar tana nan a Suratut Tahrim. Annabi (SAW) ya ce a umarci yara da sallah suna shekara 7, a doke su a kanta suna shekara 10. Ba a ce a jira su kai 18 a nemi ra'ayinsu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda kuma ya ce ba zai cusa wa ɗansa komai ba, ya sani waya za ta cusa masa. TikTok ba ya neman izinin uba.

Maman Ihsan:
Abu Hafsa, ƙarshen maganarka na yarda da shi. Babu yaron da ke tashi fanko. Ban shawarci 'yata ba kafin in raɗa mata suna, ban shawarce ta ba kafin in koya mata Hausa. Uwar da ta ce ba za ta koya wa ɗanta addini ba sai ya girma, ita ma ta riga ta koya masa cewa ana iya rayuwa ba shi.

Ni yadda ake koyarwar ne ke damuna. 'Yata tana shekara shida ta dawo daga Islamiyya ta daina barci sai da fitila, in na motsa ta ƙanƙame ni. Ashe malamarsu ce ta cinye darasi guda tana ba su labarin azabar kabari, da macizai da guduma, ta ce duk wadda ta bar gashinta a waje da shi za a rataye ta. Yarinyar da ko alƙalami bai hau kanta ba. Ta san Munkar da Nakir kafin ta san ma'anar Arrahmanir Rahim da take karantawa kullum. Na je na yi magana, aka ce mini tsoro shi ke gyara yaro. Yanzu tana sallah, ba ta fashi. Amma in na ce mata Allah yana son ta, sai ta tsaya tana kallona, don ba haka aka gabatar mata da Shi ba.

Malam Na Zaure:
Bari in fara da littafin da kusan duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar Hausa ya fara da shi, wato Ahalari. Bayan godiya da salati, abin da ya buɗe da shi shi ne, farkon abin da ya wajaba a kan mukallafi ya gyara imaninsa. Mukallafi shi ne baligi mai hankali. Ke nan malamanmu sun san yaro yana tashi ne da imanin da ya tarar a gida, suka kuma ɗora masa aiki ranar da ya balaga, ya waiwayi wannan imanin ya san dalilinsa. Tambayar ɗalibin nan ita ce ainihin wannan aikin. Malaman tauhidi sun daɗe suna muhawara a kan imanin mai taƙlidi, wanda ya ji mutane na faɗa shi ma ya faɗa. Imam Sanusi na Tilimsan, mai littafin Ummul Barahin, ya tsananta a kai ƙwarai. Abin ya kai wasu ɗalibai a ƙasar nan suna tare talakawa da tambayoyin sifofin Allah, wanda ya kasa amsawa su kafirta shi, har sai da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi musu raddi a rubuce, ya ce imanin gama-garin Musulmi ingantacce ne. Ku lura, saɓanin nasu a kan wanda bai nemi dalili ba ne. Babu ɗayansu da ya ce a doki wanda ya nema.

Alƙur'ani ya zargi masu cewa mun tarar da iyayenmu a kan wata hanya, sawunsu muke bi. Ba zai yiwu mu biya wa yaro wannan ayar da safe ba, da yamma ya nemi dalili mu ce masa haka muka tarar. Annabi Ibrahim ya roƙi Ubangiji ya nuna masa yadda yake rayar da matattu. Aka ce ba ka yi imani ba ne? Ya ce na yi, don dai zuciyata ta natsu. Aka kuwa nuna masa.

Hadisin da ka kawo, Abu Hafsa, yana cikin Abu Dawuda, Risala ma ta ambace shi a gabatarwarta. Amma a kan sallah yake, aikin gaɓɓai, bayan shekara uku ana umarni ana lallashi, kuma malamai sun ƙayyade shi da dukan da ba ya cutarwa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali guda a littafinsa Muƙaddima a kan illar tsanantawa ɗalibi. Ya ce yaron da aka rena da tursasawa yakan koyi ƙarya da yaudara, ya riƙa nuna abin da ba shi ke zuciyarsa ba don tsoron hannu. Mu da muka ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, da yawansu iyaye ne suka kai su don a gyara su, bai kamata a sake ce mana tsoro ke gyara yaro ba.

Abu Hafsa:
Allah ya gafarta Malam, ni ban ce a doki mai tambaya ba. A amsa masa. Abin da nake ƙi shi ne rabin maganar na biyu, wai in ya girma ya zaɓa. Neman dalili don imani ya ƙara ƙarfi daban, neman dalili don mutum ya duba ko zai zauna ko zai fita daban.

Baban Sadiƙ:
Ai nan gizo ke saƙar. In ka ce wa yaro ya bincika, amma ga amsar da dole ya iso kanta, in ya iso wata ba kai ba shi, to me ya bincika? Yaran nan ba wawaye ba ne. Sun san tambayar da aka yarda a yi, sun san wadda in ka yi ta za ka rasa gida. Sai su yi gum, mu kuma mu ɗauki shirun nan imani ne. 'Yan shekara 16 da 17 nake koyarwa, na san abin da suke faɗa wa juna in sun ga babu babba a kusa.

'Yar Wusasa:
Salama gare ku duka. Ni Bahaushiya ce Kirista, haka iyayena da kakannina, don kada a ce daga waje nake magana. Abin da kuke tattaunawa yana nan a gidajenmu. Mu ma muna da ayarmu a Karin Magana sura 22, cewa a koya wa yaro hanyar da zai bi, ko ya tsufa ba zai rabu da ita ba. A cocin Anglika ana yi wa jariri baftisma, manya su ɗauki alkawari a madadinsa. In ya yi wayo sai ya shiga aji, bishop ya ɗora masa hannu, ya maimaita alkawarin da bakinsa. 'Yan cocin ECWA da na Baptis ba sa yi wa jariri sam, sai mutum ya girma ya ce yana so. A rubuce ke nan zaɓi yana hannun yaro. Amma wace yarinya 'yar shekara 13 ce za ta dubi mahaifinta, dattijo a ikilisiya, ta ce ba ta shirya ba, alhali duk sa'o'inta an ɗinka musu fararen kaya?

Ƙanwar mahaifiyata ta musulunta tana da shekara ashirin da 'yan kai. Ba don aure ba, ita ta yi karatunta ta yanke. Kakana ya ce kada a sake ambatar sunanta a gidansa. Har ya rasu ba su gana ba, ranar jana'iza ma a bakin ƙofa aka tsayar da ita. Na kuma san wani saurayi da ya bar Musulunci ya zo wajenmu. Shi abin bai tsaya a korar gida ba, cikin dare aka fitar da shi daga garin, har yau bai koma ba. Mu da ku duka, in an shigo mana mu yi biki, in an fita mu yi makoki, shi kuwa mai zaɓin babu mai zama ya ji ta bakinsa.

Barista:
Bari in kawo abin da doka ta ce. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, ya kuma faɗa ƙarara har da 'yancin canza addini. Ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ya kuma ba kowace al'ummar addini damar koyar da 'ya'yanta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta, wato Islamiyya da makarantar coci duk doka ta kare su. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, sashe na 7, ta ce iyaye ne ke yi wa yaro jagora a addini, amma su riƙa la'akari da yadda hankalinsa ke ƙaruwa. Yaro a dokar shi ne wanda bai kai 18 ba. Dokar ta tarayya ce, sai jiha ta yi tata kafin ta yi aiki a cikinta.

Ga abin da nake so Abu Hafsa ya duba. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Mun yi murna, har da ni. Da sashe na 38 ɗin nan aka ci shari'ar. Ba za mu ɗauki rabin da ya yi mana daɗi mu ce ɗaya rabin ba da mu ba. Ko dokokin shari'ar Musulunci da jihohi suka kafa tun daga Zamfara a 2000 ba su sa ridda cikin laifuffukan da ake hukuntawa ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Daga Kumasi nake bin ku. Mu nan Musulmi ba mu da rinjaye, don haka abin ta ɗaya gefen yake zo mana. Manyan sakandare da yawa na mishan ne tun asali, gwamnati ke biyan malamai amma coci na da ta cewa. A azumin 2021 makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast ta hana wata ɗaliba Musulma yin azumi. Hukumar ilimi ta ƙasa ta ce a bar ta, cocin Methodist ta ce ba ta karɓi umarnin ba. Me muka riƙa faɗa a zango a lokacin? Cewa yarinya tana da 'yancin addininta, babu mai tilasta mata. Tsoron irin wannan ne ma ya sa kakanninmu suka ƙi kai iyayenmu boko, aka bar zango a baya shekaru da yawa. Abin da ke damuna, inda muke 'yan kaɗan mun fi kowa kishin 'yancin yaro, inda muke da yawa kuma sai mu kira maganar boko aƙida.

Abu Hafsa:
Ɗan'uwa, waccan yarinyar addinin iyayenta take son yi aka hana ta. Haƙƙin iyaye aka taka, hujjata ce wannan. Tunda kuma Barista ya kawo doka, ya gaya mana, yaran Kano tara da aka gano a 2019 an sace su an kai Anaca an canza musu suna da addini, su ma zaɓa suka yi?

Barista:
Sata ce da safarar mutane, kuma kotu a Kano ta yanke wa jagoran abin ɗaurin shekara 104 a 2021. Haka yarinyar da aka ɗauko daga Bayelsa aka kawo Kano a 2015 ba ta kai shekara 15 ba, aka ce ta musulunta. Kotun tarayya a Yenagoa ta ɗaure wanda ya ɗauko ta a 2020. A wurina duk wanda ya canza wa ƙaramin yaro addini a bayan idon iyayensa ya yi laifi, ko daga ina zuwa ina. Amma ka koma zancen ƙananan yara. Tambayar Baban Sadiƙ a kan wanda ya girma ce.

Dattijon Tudun Wada:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Kuna ta maganar Musulunci da Kiristanci, alhali yawancin gidajen da na ga wannan abu ya raba duk Musulmi ne. Mahaifina muƙaddamin Tijjaniyya ne, a zaurenmu ake wazifa, da ita na buɗe ido. Da aka kafa Izala a Jos a 1978 ina saurayi, muna sauraron tafsirin Malam Abubakar Gumi a rediyon Kaduna, sai na bar wazifa. Mahaifina ya tara 'yan'uwansa ya ce ya sallama ni, aka fito mini da kayana waje. Abin da nake faɗa wa kowa a lokacin shi ne ba a bin iyaye a kan aƙida, kowa kabarinsa daban, hujja ake bi. Da wannan maganar samari masu yawan gaske muka bar hanyar iyayenmu, malamanmu na yaba mana.

Yanzu ɗana na uku, wanda na sa a makarantar Sunna tun yana ƙarami, ya haddace Arba'una, ya je jami'a ya dawo mini da carbi da lazimi. Ya karɓi ɗariƙar kakansa. Ranar da ya gaya mini, maganar mahaifina ce ta taho har bakina, na haɗiye ta. Har gobe ina ganin ya yi kuskure, ina kuma gaya masa, mukan baje littattafai mu yi ta yi har dare. Amma 'yancin da na ƙwata a hannun ubana ba ni da bakin hana ɗana. Mahaifina ya rasu muna gaisawa sama-sama, kuma korar da ya yi mini ba ta mayar da ni wazifa ko sau ɗaya ba.

Abu Hafsa:
Baba, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan mahaifinku. Amma ɗanku yana nan cikin Musulunci, yana kallon alƙibla. Da cewa ya yi ya bar addinin gaba ɗaya, za ku zauna da shi da littattafai har dare?

Dattijon Tudun Wada:
Ɗana, a wancan lokacin ba "yana nan cikin Musulunci" ake cewa ba. Kowane ɓangare akwai masu kafirta ɗaya, an ƙi cin yankan juna, an raba aure a kan wannan. Mahaifina ya sakankance wuta na nufa. Tambayarka kuwa, Allah ya tsare ni da ganin ranar. In ta zo zan yi kuka, zan yi ta addu'a har in mutu, amma ƙofata ba za ta rufu ba. In na kore shi, wa zai kira shi?

Ɗan Hambug:
Ina zaune a Jamus da iyalina. Suna da doka tun 1921 a kan tarbiyyar addini. Iyaye ke zaɓa tun daga haihuwa. In yaro ya kai 12 ba za a canza masa addinin da ya tashi a ciki ba sai da yardarsa, ko da iyayen sun canza nasu. In ya kai 14 shi ke yanke wa kansa. Babbar 'yata ta wuce 14, tana sallah, tana azumi a ajin da ita kaɗai ce mai yi. Sanin cewa ba ni da ikon tilasta mata shi ya tayar da ni neman ilimi da girmana, don tambayoyinta sai da amsa. Sai dai a yi hattara da masu cewa hukuma ta shiga ta raba yara da addinin iyaye. A Tajikistan, inda kusan kowa Musulmi ne, an yi doka a 2011 da ta hana 'yan ƙasa da 18 halartar ibada a masallaci in ban da jana'iza. Wannan ma tilas ne.

Malam Na Zaure:
Tambayar Abu Hafsa tana buƙatar amsa ba kwana-kwana. Ba zan ɓoye abin da ke cikin littattafai ba. Mazhabobi huɗun nan sun ɗauki ɗan Musulmi Musulmi ne, suna kuma da hukunci mai tsanani a kan baligin da ya yi ridda, har da abin da ya shafi gado da aure. Akwai malaman wannan zamani da suka ce wancan hukuncin na wanda ya haɗa fita da yaƙar al'umma ne, akwai kuma masu ƙin wannan fahimtar. Amma ko a wurin masu tsanantawa, magana ce ta alƙali da shugaba, bayan zama da neman tuba. Babu littafin da ya miƙa ta ga uba, ko yayye, ko matasan unguwa.

Sannan ku dubi dalilin saukar "babu tilas a addini" da ke cikin Baƙara. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa a Madina kafin Musulunci mace mai wabi takan yi bakance, in ɗanta ya rayu za ta mayar da shi Bayahude. Da aka fitar da Yahudawan Banu Nadir daga Madina, akwai 'ya'yan Ansar a cikinsu da suka tashi a haka. Iyayen suka ce ba za mu bar 'ya'yanmu ba. Sai ayar ta sauka. A kan iyaye da 'ya'yan cikinsu ta sauka, iyayen kuma sahabbai, gaskiya na hannunsu, duk da haka aka ce ba tilas. Za a ce waɗancan 'ya'yan ba su taɓa zama Musulmi ba, don haka ba ridda ba ce. Haka ne. Amma abin da ayar ke gaya wa zuciyar uba yana nan. An ce wa Annabi (SAW) kansa ba ka shiryar da wanda kake so. Annabi Nuhu ya shekara 950 cikin mutanensa yana kira, ɗansa bai bi shi ba, ruwa na tasowa yana ce masa ya ƙaramin ɗana, hau tare da mu. Bai tsine masa ba.

'Yar Wusasa:
Na gode Malam, ban taɓa jin labarin matan Madina ba. Abu Hafsa, ina da tambaya, da zuciya ɗaya. Ƙanwar mahaifiyata, a ganinka ta yi daidai da ta saɓa wa mahaifinta?

Abu Hafsa:
Ta yi daidai, 'yar'uwa, Allah ya tabbatar da ita. Kakanki kuma bai kyauta ba. Na san inda kika dosa, za ki ce to saurayin fa. Ba zan yi miki ƙarya don a ce ina da adalci ba. A wurina ba ɗaya ba ne, domin na yi imani ɗaya shiriya ce ɗaya ɓata. Wanda ya gaskata wuta da aljanna da gaske ba zai kalli ɗansa yana fita ya ce ra'ayinsa ne ba. Abin da zan iya cewa, ban yarda a taɓa lafiyarsa ba, ban yarda a bi shi da dare ba.

'Yar Wusasa:
Abin da ka faɗa shi kakana ya faɗa, sai dai shi ta ɗaya gefen. Shi ma da gaske ya ba da gaskiya, shi ma wuta yake hango wa 'yarsa, ba mugu ba ne. Ban nemi ka ce addinan ɗaya ne ba, ni ma ban ce ba. Amma gari ɗaya muke, kasuwa ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya. In kowa ya ce fita halal ce kawai in daga wajen wancan aka fito aka zo wajensa, to wanda ya fi yawa a unguwa shi zai riƙa yanke hukunci. A Kano kai ka fi yawa. A Kumasi ka ji abin da ɗan'uwanka ya ce.

Baban Sadiƙ:
Abu Hafsa, "ban yarda a taɓa lafiyarsa ba" ba ƙaramar magana ba ce, ina roƙonka ka riƙa faɗinta a wuraren da ba a son jin ta. Ni zan ci gaba da koya wa 'ya'yana Musulunci a kan shi ne gaskiya, don haka na yi imani. Amma ba zan sa su zaɓi tsakanin faɗa mini abin da ke ransu da zama 'ya'yana ba. Yaron da ya san shakkarsa za ta ja masa asarar kuɗin makaranta da ɗakin kwana, intanet zai kai ta, wurin mutanen da ba su san shi ba.

Maman Ihsan:
Malam, kafin a watse. Yayan Ihsan, ɗan shekara tara, ya tambaye ni ko abokinsa na aji, ɗan Kirista, wuta zai shiga. Benci ɗaya suke zama. Na ce masa ya je ya yi wanka, don ban san me zan ce ba. Me ya kamata in ce?

Malam Na Zaure:
Hajiya, ki ce masa abokinsa yaro ne kamarsa, an ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga. Malamai sun yi saɓani a kan 'ya'yan waɗanda ba Musulmi ba in sun rasu suna ƙanana, amma Imam Nawawi ya ce ingantacciyar magana suna aljanna. Hujjarsa hadisin Samura ne a Buhari, inda Annabi (SAW) ya ga Annabi Ibrahim cikin wani lambu yara sun kewaye shi. Aka tambaya har da 'ya'yan mushrikai? Ya ce har da su.

Abu Hafsa:
To in ya ce in abokin ya girma bai musulunta ba fa, Malam? Yaro zai tambaya.

Malam Na Zaure:
Zai tambaya, kuma a amsa masa. Ta gaya masa abin da muka yi imani da shi ba ragi, cewa Musulunci ne addinin da Allah ya yarda da shi. Ta ƙara masa da cewa ba mu yanke wa wani mutum takamaimai wuta yana raye, don ba mu san yadda zai cika ba, ba mu kuma san me ya iso masa na kira ba. Allah ya ce ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo, yana cikin Suratul Isra'i aya ta 15. Kada kuma ta raba su benci. Hajiya, in kina son lafazin hadisin Samura, ki yi mini magana in rubuto miki shi da fassarar Hausa ki karanta masa.